Haƙƙin Tsohon Sojan Ruwa In Ya Komo Gida



Daga Kano zuwa Ikko mil 700 ne a jirgin ƙasa, saboda haka mutane da yawa na ƙasar nan sun tsufa ba su taɓa ganin teku ba. Duk da haka Kano ta ba da 'ya'yanta ga Rundunar Mayaƙan Ruwa, wadda aka kafa cikin 1956. Sananne cikinsu shi ne Awwal Zubairu Gambo, wanda aka haifa a Nasarawa ta Kano cikin 1966. Ya shiga makarantar hafsoshi ta Kaduna cikin 1984, ya yi ta hawa, har ran 26 ga Janairu 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya naɗa shi shugaban rundunar duka. Ya riƙe har Yuni 2023. A zamaninsa ne Gwamnatin Kano ta ba da fili a Dawakin Tofa domin kwalejin rundunar. Lalle ya cancanci yabo.

Amma babban hafsa ba ya rasa mai tunawa da shi. Wanda a ke tsoron a manta shi ne ƙaramin soja, ɗan talaka daga ƙasar Bichi ko Ɗambatta ko Minjibir, wanda ya bar gida yana saurayi, ya yi aiki a Apapa da Warri da Kalaba, wani har shekara 35, kāna ya komo da furfura. Uwargidansa ita ma ta yi nata aikin sojan, ko da ya ke ba a rataya mata lamba ba. Maigida ya yi wata da watanni a kan ruwa, ita ce ga cefane, ita ce ga jinya, a bariki, cikin mutanen da ba ta jin harshensu. 'Ya'yan kuwa sau da yawa su kan zo Hausarsu ba ta nuna ba, yaran gari su riƙa yi musu dariya.

Babbar matsala ita ce gona. A arewacin Kano gona ta haɗe da gona, ba daji, ba saura, kowace shekara sai an zuba taki an noma wuri ɗaya. To, mutum ya tafi ya bar wa ƙanensa gonarsa aro, da baki kurum, gaban dattawa biyu. Dattawan sun riga mu gidan gaskiya. Ƙanen ya yi shekara talatin yana kai taki, 'ya'yansa sun tashi ba su san wata gona ba sai ita, watakila ma an jinginar da rabi. Ran da mai ita ya komo sai a ce masa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Wannan karin magana ba ta hau kan wanda aikin ƙasa ya fitar ba. Shi ma ƙanen ba a ce a kore shi hannu banza ba, gama guminsa na cikin ƙasar. Bayan yaƙin Bama, da sojoji suka komo, En'e ta ɗauki waɗansunsu aikin ɗan doka. Yau ba En'e, sai gonar.

Saboda haka ana roƙon kowane Hakimi ya umurci dagatai da masu unguwanni su kawo sunan duk wanda ke aikin soja daga ƙasarsu. Malamin Hakimi ya rubuta gonar da ya bari, da iyakokinta, da wanda ke riƙe da ita, ko aro ne ko jingina, shaidu su sa hannu tun suna da rai. In rigima ta riga ta tashi, a gwada sulhu a zaure kafin a kai ga alƙali.

Har wa yau, Malamai su duba takardun fensho na waɗanda suka komo, musamman sunan magajin da aka rubuta. Da yawa sun ba da sunan uba tun suna samari, uban ya rasu, ba a sāke ba. In ta Allah ta kasance, matar da marayu su ke shan wahalar zirga-zirga zuwa Hukumar Fenshon Soja a Abuja.

Ran 15 ga Janairu, watau ranar tunawa da mazan jiya, a kira su ƙofar Hakimi, a ba su wurin zama a gaba, a kuma aika wa iyalinsu da goro.