Gansakukar Tafkin Chadi da Lafiyar Dattawa

Jawabin wayar da kan jama'a a Minna, Jihar Neja



A 'yan shekarun nan ana tallar wani koren gari da ƙwayoyi masu suna sifirulina, ana cewa suna mayar da tsoho yaro. Tun da yake akwai masu kashe kuɗin fanshonsu a kansu, ya wajaba jama'a su san gaskiyar al'amarin.

Sifirulina wata irin gansakuka ce ƙanƙanuwa, wadda ke tsirowa a ruwa mai kanwa, kuma ba baƙuwa ba ce a ƙasashenmu. Tun kaka da kakanni matan Kanembu na ƙasar Chadi suke kwasarta daga tafkunan kanwa na yankin Kanem. Sukan zuba ta a ramin yashi, rana ta busar da ita, su yanka ta gunduwa-gunduwa. Sunanta a wurinsu dihe, kuma a miya suke sa ta, su ci da tuwon gero. Wani masani Bafaranshe, Dangeard, ya ba da labarinta a 1940. A 1964 kuma Jean Léonard, masanin tsirrai ɗan ƙasar Beljiyam, ya gan ta a kasuwar Fort Lamy, watau Njamena ta yau. Daga nan ne kamfanonin duniya suka shiga nomanta.

Lalle tana da amfani. Kimanin kashi 60 cikin 100 na busasshiyarta sinadarin gina jiki ne, tana kuma ɗauke da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Amma fa sai a dubi yawan abin da ake sha. Ƙaramin cokali ɗaya, wajen giram 3, bai wuce giram 2 na sinadarin gina jiki ba, alhali ƙwan kaza guda yana da giram 6. Ashe dattijon da ya sami wake, da ƙuli-ƙulin Bida, da kifin Shiroro, da zogale, ya fi mai cokali ɗaya cin riba, kuma da kuɗi kaɗan. Har wa yau, yawancin bitamin B12 da ke cikinta iri ne da jikin mutum ba ya amfana da shi, ga shi kuwa tsofaffi sun fi kowa fama da ƙarancinsa. Wanda ke bukatarsa sai ya nema a nama, da kifi, da nono.

Babban haɗari shi ne mai hawan jini ko ciwon sukari ya ajiye maganin asibiti saboda zaƙin bakin mai talla. Sifirulina abinci ce, ba ta warkar da waɗannan cututtuka, ba ta kuma tsai da tsufa.

Saboda haka a kiyaye abubuwa uku.

Na farko, kada kowa ya kwashi gansakukar kududdufi ko ta bakin kogin Chanchaga ya ci. Wasu ire-irenta suna da dafin da ke lalata hanta. Ko wadda aka noma ma, in ruwan ba shi da tsabta, takan ɗauki gubar dalma.

Na biyu, kafin a saya a duba lambar hukumar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki a jikin kwalba. Abin da aka ƙulla a leda ba suna, a bar wa mai shi.

Na uku, mai ciwon ƙoda, da mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin, kada su fara sha sai sun shawarci likita. 'Yar'uwarta da ake kira kulorela tana da bitamin K mai yawa, wanda ke rage ƙarfin wannan magani.

'Ya'ya da jikoki masu saya wa iyaye irin wannan tsaraba, niyyarsu kyakkyawa ce. Sai dai abin da ya fi shi ne su tabbata tukunyar tsoho ba ta rasa abinci mai gina jiki ba, su riƙa kai shi awon jini a kan kari. Rigakafi ya fi magani.

A sauka gida lafiya.