Yadda Ƙarfe ke Rikiɗa Idan ya Sha Matsi



Rami mafi zurfi da ɗan Adam ya taɓa haƙawa yana Kola, a arewacin Rasha, kuma a 1989 ya tsaya a mita 12,262. Daga doron ƙasa zuwa cibiyarta kuwa tafiyar kilomita 6,371 ce. Watau ko ɓawon duniya ba a huda ba. Amma duk da haka masana suna bayanin ƙarfen da ke can tsakiya kamar sun taɓa shi da hannu. To, ina suka samo wannan ilmi?

Sai a fara da kalmar rikiɗa. A bakin Bahaushe, abin da ya rikiɗa ya bar jinsinsa ke nan, kamar mutumin da aka ce ya zama kura. A nan ba haka ake nufi ba. Baƙin da ke cikin fensir da lu'ulu'u duk sinadari guda ne, kabon. Abin da ya raba su shi ne yadda ƙwayoyin zarra suka jeru. Maƙeri ma yana sauya wannan jeri bai sani ba, domin tsantsar baƙin ƙarfe kan canja tsarinsa in zafi ya kai digiri 912. Abin da wuta ke yi, matsi ma yana yi.

A 1956, a Los Alamos ta Amurka, Bancroft da Peterson da Minshall suka riƙa dukan ƙarfe da ƙarfin nakiya. Suka lura cewa in matsin ya kai wajen ninki 130,000 na nauyin iskar da ke kan mutane, girgizar da ke ratsa ƙarfen takan rabu biyu. Wannan alama ce ta cewa wani abu ya sauya a ciki. Amma mene ne? Nakiya ba ta iya faɗa ba, gama al'amarin bai kai ƙiftawar ido ba.

Mai ba da shaida ya daɗe da samuwa. Tun 1912 Max von Laue a Jamus ya nuna cewa hasken eksire, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, yakan watsu ta wasu fuskoki ƙayyadaddu in ya ratsa abin da ƙwayoyinsa suke a jere. Sa'an nan Bragg da ɗansa a Ingila suka fitar da lissafin da ke mai da waɗannan fuskoki zuwa tazarar da ke tsakanin sahun ƙwayoyi. Wahalar ita ce samun mazubin da zai jure matsin, ya kuma bar haske ya wuce. A ƙarshen shekarun 1950 aka ƙera shi a hukumar awo ta Amurka: lu'ulu'u biyu, an shafe tsininsu, suna fuskantar juna, abin gwajin yana tsakani, girmansa bai fi kaurin gashi ba. Dabarar ta allura ce. Ƙarfi kaɗan in ya taru a wuri ƙanƙane, sai ya zama matsi mai tsanani. Haƙiƙa na'urar da ke kwaikwayon cikin duniya tana iya zama a tafin hannu.

Hasken da ya ratsa yakan zana zobba a kan faifan hoto. Muddin jerin ƙwayoyi bai sauya ba, zobban sai dai su ɗan buɗe yayin da ake ƙara matsi. In kuwa wasu suka ɓace, sababbi suka fito, to, an rikiɗa. Ta haka Jamieson da Lawson a 1962, da Takahashi da Bassett a 1964, suka warware zancen. A ƙarfen da aka saba da shi, kowace ƙwaya tana da maƙwabta 8 na kusa. Bayan rikiɗa sai su zama 12, sun cunkushe kamar lemon da mai talla ya tsara a faranti, kowane yana zaune a gurbin na ƙasa. Ƙarfen yakan tsuke da wajen kashi 5 cikin 100, kuma mayen ƙarfe ba ya jansa.

Sai dai ninki 130,000 wasa ne in aka gwada da tsakiyar duniya, inda matsin ya haura ninki miliyan 3. Ga kuma zafi, wanda ke iya rushe jerin da matsi ya gina. Aka shekara kusan 50 kafin a haɗa biyun a gwaji guda. A 2010 Tateno da Hirose da abokan aikinsu, a babbar tashar hasken eksire ta SPring-8 a Japan, suka matse ƙarfe zuwa kusan ninki miliyan 3.7, suka gasa shi da hasken leza fiye da digiri 5,000. Zobban suka nuna jerin nan mai maƙwabta 12 yana nan daram.

Gardama ba ta ƙare ba. Ƙarfen cikin duniya gauraye yake da nikel da wasu sinadarai marasa nauyi, kuma akwai masana da lissafinsu ya nuna cewa a irin wancan zafi jeri mai maƙwabta 8 yana iya dawowa. Ba musun banza ba ne, domin saurin da girgizar ƙasa ke ratsa cibiyar duniya ya dogara ga wannan jeri, kuma da wannan sauri ne ake auna abin da ke can.