Rabin Awar Farko: Mai Sikila da Yardar Likita



Kowace shekara ana haifar jarirai kimanin 150,000 masu ciwon sikila a Nijeriya, fiye da kowace ƙasa a duniya. Da yawa ba sa kai shekara biyar. Amma waɗanda Allah ya raya sun girma, sun yi aure, suna neman na kansu, kuma a kansu zan yi magana yau.

Jar ƙwayar jinin mai lafiya tana yin kwana 120, ta mai sikila kuwa 10 zuwa 20. Tana lanƙwashewa kamar lauje ta toshe ƙananan hanyoyin jini, sai ƙashi ya ɗauki azaba. Wannan azaba ba ta fitowa a ma'aunin zafin jiki, ba kuma awon da zai nuna tsananinta. Shaidarta ɗaya ce, bakin mara lafiya.

To, ga magidanci an kawo shi ɗakin gaggawa cikin dare, yana riƙe da ƙugu, gumi na tsattsafo masa. Ya faɗi sunan allurar da ke yi masa aiki da yawan da ake ba shi. Ya san su ne don tun yana goye yake jinya. Sai a kalli juna, a ce ƙasa-ƙasa, “Ai ya saba da allura.” Ya ji, wallahi ya ji. Ran da ciwon ya sake tashi ba zai zo ba. Zai aiki ƙanensa kyamis ya sayo allurar pentazocine, a yi masa a gida, yau da gobe har cinya ta yi gyambo, jiki ya kasa haƙura da ita. Zargin da muka yi masa, mu ma'aikatan lafiya muka tura shi gare shi. Wani kuma zai yi ta cijewa har ciwon ya hau ƙirji, a kawo shi numfashi na sarƙewa.

Kada mu ɗauka rashin kayan aiki ne kawai. A Ingila, tun 2012 ƙa'ida ta ce a ba mai sikila maganin ciwo cikin minti 30 da isowarsa. Duk da haka, a 2019 wani saurayi ɗan shekara 21 a Landan ya kira lambar agajin gaggawa daga kan gadon asibiti don an hana shi iskar numfashi, kuma ya rasu. Rahoton da 'yan majalisar ƙasar suka fitar a 2021 ya nuna cewa ƙin sauraron masu ciwon ya yaɗu a asibitocinsu.

Roƙona ga shugabannin asibitoci shi ne kowane babba mai sikila ya samu kati ɗauke da tsarin maganinsa da sa hannun likitan jini, domin nas ɗin dare ta yi aiki da shi ba gardama. Wanda ya wuce shekarun asibitin yara kuma a miƙa shi hannu da hannu ga likitan manya, a duba ko maganin hydroxyurea ya dace da shi, a sa masa ranar dawowa kafin ya bar ɗakin.