Jawabi Kan Fitsarin Kwance Ga Samari Da 'Yammata

Jama'a, a ɗakin haya na Sabo ko Agege, inda mutum huɗu ke kwana kan tabarma ɗaya, asirin mai fitsarin kwance ba ya rufuwa. Amma bulala da gori ba su warkar da kowa. Kimanin yaro 1 cikin 100 yakan kai shekara 15 da wannan lalura, sau da yawa ma gado ce. A kai shi asibiti a auna, domin ciwon sukari ko sikila kan jawo ta. A hana shi shayi bayan magariba, a magance taurin bayan gida. Likita yakan ba da ƙwayar desmopressin, wadda ke rage fitsarin dare. Wanda ya haɗiye ta kuwa, lalle ya taƙaita shan ruwa har wayewar gari.