Jawabi Kan Buɗe Ɗakin Karatu Na Ƙungiya



Maganar laburare ba baƙuwa ba ce a Arewa. Tun lokacin Yaƙin Duniya na Biyu En'e-En'e suka riƙa buɗe ɗakunan karatu a garuruwa, mutum ya je ya duba Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939, ya ji inda yaƙi ya kwana. A 1952 aka kafa laburaren Jihar Arewa a Kaduna.

To, mu nan fa? Garin nan shi ne Abuja ta asali, wadda Abu Ja, ƙanen Makau Sarkin Zazzau, ya kafa a 1828. Bayan an zaɓi wurin sabon babban birni a 1976 sai aka ɗauke sunan, gari ya koma Suleja, saboda Sarki Sulaimanu Barau. Tarihin nan kuwa a rubuce yake. Alhaji Hassan Dallatu da Malam Shu'aibu Na'ibi sun rubuta shi da Hausa, aka buga fassararsa ta Turanci a 1952. Amma mu da fatauci ya kawo mu, muka zauna muka hayayyafa, gidan wa za a shiga a samu littafin? Yaro ka ce masa Abuja, sai ya nuna maka hanyar Zuba!

Ai hayar shago guda ba za ta gagare mu ba, jama'a. Mu yi karo-karo, mu sa kafinta ya buga kanta. Mai tsofaffin littattafai, na boko ko na ajami, ya kawo wa sakatare a rubuta sunansa. Saura wanda zai riƙe makulli, shi ma mu tsayar da shi kafin mu tashi.