Kafin Ka Sayi Maganin Ƙarfin Maza



A tasha ko bakin kasuwa, lasifika na ta tallar maganin ƙarfin maza, magidanta na miƙa kuɗi suna waige-waige. Amma ba kowace kasala ko raguwar sha'awa ce basir ko sanyi ba. Wani lokaci sinadarin testosteron ne ya yi ƙasa, kuma ƙiba, ciwon suga da ƙarancin barci kan jawo hakan.

Don a auna sinadarin, jini ake ɗiba da safe, tsakanin ƙarfe 7 da 10, lokacin da sinadarin ya fi yawa, a kuma maimaita kafin likita ya tabbatar. Yin allurar sinadarin da ka yana rage ƙwayoyin haihuwa, ya sa jini kauri.

Maigida, ajiye kunya, ka je asibiti a auna ka.