Beli da Tsohon Laifi: Abin da Ya Faru a Ingila



Tambayar da zan tattauna a kanta yau ita ce: in an kawo mutum gaban alƙali bisa zargin kisan kai ko fyaɗe, alhali kuwa an taɓa ɗaure shi a kan irin wannan laifi, shin ya kamata a saurari roƙonsa na beli, ko kuwa a wuce da shi gidan waƙafi kai tsaye?

Bari mu dubi Ingila, domin can ne aka gwada abin sosai. Dokar Beli ta 1976 ta aza harsashi cewa beli haƙƙin wanda ake tuhuma ne, sai fa in akwai ƙwaƙƙwaran dalilin tsoron zai gudu, ko zai sake yin laifi, ko zai tsorata shaidu. A 1994 sai Majalisa ta kawo sashe na 25 na wata sabuwar doka, wanda ya ce duk wanda ake tuhuma da kisan kai ko fyaɗe, ko yunƙurin aikata ɗayansu, in an taɓa same shi da laifi irin wannan, to, ba shi ba beli, ko me zai faɗa.

Lalle masu wannan ra'ayi suna da hujja. Hali zanen dutse ne, in ji su, kuma macen da ta kai ƙara ita za ta kwana cikin fargaba in ta ji an sako mutumin. Ban raina wannan tsoro ba ko kaɗan.

Amma ku lura da abin da dokar ta yi. Tun kafin 1994 alƙali yana da ikon duban tsohon laifin mutum, ya hana shi beli saboda shi. Watau sashen bai ƙara wa alƙali iko ba, toshe masa kunne kawai ya yi. Ko shaidar da 'yan sanda suka kawo ba ta taka kara ta karya ba, ko tsohon laifin ya shekara talatin, ko mutumin yana kwance rai a hannun Allah, alƙali ba shi da ta cewa. Ga shi kuwa laifin da ake magana a kai yanzu zargi ne tukuna, wancan na dā kuma ya riga ya sha ɗaurinsa.

Ba a daɗe ba aka kai gwamnati ƙara Kotun Turai ta Haƙƙin Ɗan Adam, a shari'ar Caballero. Gwamnati da bakinta ta amsa cewa tsare mutum ba tare da alƙali ya auna batun belinsa ba ya saɓa wa sashe na 5 na Yarjejeniyar Turai, kotu kuma ta yanke hukunci a 2000. Kafin nan ma, a 1998, Majalisa ta riga ta gyara sashen: ana iya ba da beli, amma sai in akwai dalili na musamman. A ganina nan ne aka dace, domin tsohon laifin yana nan da nauyinsa a kan sikeli, samun belin kuma da wuya ƙwarai, sai dai an mayar wa alƙali ikon sauraron mutumin kafin ya tura shi waƙafi.